Abin da Auta ta Rubuta a Gidan Makoki

Shekarar Auta arba'in da ɗaya, amma a gidansu har gobe Auta ce, a aike ta, ba a tambayi ra'ayinta ba. Tana aiki a wani shagon magani da ke bakin titi, tsakanin mai gyaran waya da mai guga. Daga safe zuwa la'asar tana bayan kanta tana miƙa ƙwayoyi, tana ja wa tsofaffi layi ɗaya ko biyu a jikin kwali don su gane na safe da na yamma. Ban da wannan kuma tana rubuta littafi, shekara tara ke nan bai ƙare ba.

Bironta a cikin ɗankwali yake zama. Mutum zai shigo sayen maganin tari ya yi wata magana mai daɗi, kafin ya kai ƙofa ta zare biron, ta yage kwalin da ya ƙare, ta rubuta a bayansa. Kwalayen nan sun cika bokiti biyu a ƙarƙashin gadonta. Ranar hutu take zazzage su a kan tabarma tana kwafewa cikin littafin makaranta, tana magana ita kaɗai da murya uku. Sau huɗu tana canja wa jarumarta suna. Ta taɓa ƙona tukunya ƙurmus saboda matar da ke cikin labarin ta ƙi barin gidan da Auta ta shirya mata ta bari.

Abin da ke ƙona mata rai shi ne dangi. In ana son wasiƙar neman aiki, ko takardar ƙorafi ga mai gidan haya, nan za ka ji, “A kai wa Auta, ita ce mai hannu.” Ta rubuta, su karɓa ko sannu babu. Amma ta kuskura ta ambaci littafinta, sai a kwashe da dariya. “Har yanzu kina nan kina shirga ƙaryar taki?” Mutanen da ba su taɓa karanta shafi ɗaya ba! Yayarta ce kaɗai ba ta taɓa dariya ba. Ita ta raine ta bayan rasuwar mahaifiyarsu, kuma duk mako sai sun zauna a dokin ƙofar kicin, Yaya tana zazzage mata cikinta kaf, abin da ko mijinta bai ji ba.

Sai mijin Yaya ya rasu. Rana ta uku, ɗaki cike da mata, Auta na zaune gefenta tana riƙe da hannunta. Yaya ta sunkuyo ta ce a hankali, “Shekara talatin ina masa faɗa kan minshari. Yanzu shirun ne ya hana ni barci.”

Auta ta fashe da kuka, kuma Allah ya sani kukan gaske ne. Amma hali zanen dutse. Hawaye na zuba, wani gefen kanta na cewa maganar nan za ta gudu. Ta tashi kamar za ta kewaya, ta laɓe bayan labule, ta zaro guntun kwali daga jaka. Ba ta kai ƙarshen layin ba ta ji an fizge shi.

Gwaggo ce, ƙanwar mahaifinsu. Ta dawo tsakiyar ɗaki ta ɗaga kwalin, ta karanta shi da ƙarfi, kalma bayan kalma. “Ku ji fa! Muna kuka, ita tana ɗaukar rahoto. Mutuwar ma jari ce a wurinki?”

Ran Auta ya ɓaci. Gwaggon da ba a gaya mata magana da safe ta kai azahar ba ta zaga gida biyar ba, ita ce yau mai kare sirri? Yaya cikin kunne ta faɗa, Auta a ɓoye ta rubuta, wa ya shelanta wa mata ashirin in ba Gwaggo ba? Laifi tudu ne. Ta buɗe baki za ta amayar da duk wannan, sai ta ga idon Yaya a kanta. Babu faɗa a cikinsa. Yaya ta janye hannun da Auta ta riƙe ɗazu ta sa cikin mayafi.

Sati uku Auta tana zuwa. Yaya tana amsa gaisuwa, tana kawo ruwa, tana tambayar yara. Iyakarta ke nan. In wata maƙwabciya na hira Auta ta shigo, sai a koma zancen zafin rana. A mako na huɗu Auta ta kasa jurewa. Ta ɗauko kwalin, wanda ta tsince a ƙasa ranar, ta sami Yaya a dokin ƙofar kicin, ta ƙyasta ashana ta ƙona shi a gabanta.

“Ga shi, Yaya. Wallahi ba zai shiga littafi ba. Ki yafe mini.”

“Na yafe tun ranar,” in ji Yaya. Ta dubi tokar ta tura ta gefe da takalmi. “Ni ba takardar ce ta dame ni ba. Na ɗauka ƙanwata nake gaya wa, ashe mu uku ne a wurin. Kin ƙona kwali, Auta. Kunnen fa, da me za ki ƙona shi?”

Ta tashi ta shiga ciki ta ɗora ruwa.

Auta ta fito titi tana huci, tana jin haushin Gwaggo, da dangi, da littafin da ya ci mata shekara tara yanzu kuma ya ci mata yaya. Ta wuce tasha ba ta shiga mota ba. Sai da ta kusa gida ta lura leɓenta na motsi. Maganar Yaya take maimaitawa, a hankali, yadda aka faɗe ta, don kada ta manta.