Buzun da Ya Sauke Amawali

A kasuwar Matameye, Muntaka majemi yana kallon wani dogon Buzu mai takobi, tsugune gaban Baiwa mai magani. Da alama ayarin gishiri ya biyo daga Azbin. Mutumin da ko abinci ba ya buɗe wa baki gaban jama'a, ga shi yana sauke amawali tsohuwa ta duba maƙogwaronsa.

"Kwana uku ke nan, Inna. Zazzaɓi, ga ƙirji yana suka."

Muntaka, jarumin da ya kwana goma yana kiran tasa cutar "'yar mura", ya soma dariya: ƙato guda yana tsoron majina. Dariyar ta rikiɗe ta zama tari, har sai da ya dafa ƙasa.

Buzun ya dube shi, ya matsa gefen tabarma.

"Bawan Allah, kai ka fara. Ni zan iya jira."