Zanen da Ya Bukar Ya Ɗauko

Shekara tara ke nan da muka kai yayana Bukar makwancinsa. A gidanmu na Umarari Mama ce ke riƙe da lissafin. Idan lokacin ya zagayo sai ta sa a toya waina a raba wa maƙwabta, ba ta cewa komai, mu ma ba ma tambaya. Bana ne na ga ya kamata in rubuta wani abu a kansa, domin na lura a sashen da ya yi koyarwa saura mutum biyu ko uku da suka san sunansa.

Ya Bukar ƙaramin malami ne a sashen nazarin ƙananan halittu na jami'a, yana kuma karatun digirinsa na biyu. Abin da ya zaɓa ya nazarta babu shi a Borno. A wasu ƙasashe masu duwatsun da ke aman wuta akwai maɓuɓɓugai da ruwansu ya kusa tafasa, ga tsamin da zai iya sale fatar mutum. A cikin wannan ruwa akwai wasu halittu da ido ba ya gani, ana ce musu arkiya, wasunsu da farar wutar da ke cikin ruwan suke rayuwa. Su ma ba su tsira ba, suna da nasu bairos, wato ƙwayar cuta, da ke shiga jikinsu. Wannan bairos ɗin shi ne abin da ya ɗauke hankalin yayana: tsakiyarsa a kumbure, bakinsa biyu a tsuke, da 'yan zarurruka gajeru a ƙarshe ɗaya, waɗanda yake maƙalewa da su.

Kakarmu ce ta raɗa masa suna. Ta gudo daga ƙauye ta zauna da mu a wancan lokaci, kuma a ƙuruciyarta ta yi kaɗi. Da ta ga hoton a littafinsa sai ta ce, "Maigidana, ashe mazarina ka sace ka kai wa Turawa." Tun daga ranar ya zama mazari a bakin kowa a gida. Mama kuwa ba ta taɓa yarda da wannan karatu ba. Takan ce mutane na mutuwa da amai da gudawa a sansanonin gudun hijira, shi kuma ya je ya zaɓo ciwon da ba ya kama ko akuya. Shi dai dariya yake yi, ya ce ai shi ya sa yake son sa.

Waɗanda ba su zauna a Maiduguri a shekarun nan ba zai yi musu wuya su gane abin da ya biyo baya. An katse layukan waya, babu intanet. An hana babur. Ko'ina shinge ne, wani na jami'an tsaro, wani na matasan unguwa masu sanduna, waɗanda suka gaji da binne 'yan uwansu suka fito tsare titi. Idan aka iso shinge sai kowa ya sauko daga keke napep, ya ɗaga riga, ya wuce da ƙafa. An sa wa Ya Bukar ranar gabatar da aikinsa a gaban malamai, kuma ba shi da hanyar samo hoto mai girma. Sai ya sayi farin kwali ya zana abin da hannunsa. Mutum ne da ba ya aiki rabi da rabi. Ya sa rula, ya ja kibiyoyi, ya rubuta awo a gefe, ya kuma tsaga rabin jikin a zane don a ga zaren gadon halittarsa da ke naɗe a ciki.

Tare muka fita da safen, ni ina shekarar farko a jami'a. A shingen da ke kan hanyar Wulari wani matashi ya ce a warware kwalin. Da ya warware, sai na ga fuskar matashin ta canja, ya ja da baya, ya kira sauran. A lokacin ne ni ma na ga abin da idonsu ya gani. Dogon abu mai kumburin ciki da tsinin baki, da waya naɗe a ciki, da wasu wayoyi a gindi, da lambobi a gefe. Makamin roka irinsa ya faɗo a unguwanni, mun ga ɓaraguzansa.

Ya Bukar bai tsorata ba, ya fara bayani kamar yana aji. Da shi da su duka Kanuri ne, amma saboda akwai jami'i ɗaya da ya matso wanda ba ya jin Kanuri, sai ya yi magana da Hausa, yana neman kalmar da kowa zai gane. Ya ce ƙwayar cuta ce. Aka tambaye shi a ina take. Ya ce a cikin ruwan zafi mai asid. Aka ce me take ci a wurin. Da ya ce bai sani ba, wataƙila da an bar shi. Amma ya tsaya ya gyara tambayar, ya ce ita ba ta ci, abin da take zaune a jikinsa ne ke rayuwa da farar wuta.

Duk wanda ya tashi kusa da maharba ya san da farar wuta ake haɗa albarushi. Ba wanda ya ƙara tambayar komai. Da suka riƙe Ya Bukar, ya juyo ya ce mini da Kanuri in wuce, kada in tsaya, in gaya wa Mama zai makara.

Abin da muka sa a gaba daga ranar ɗaya ne, a sako shi da ransa. Bulaman unguwarmu ya yi ta yawo da ni daga wannan ofis zuwa wancan. Malamin da ke duba aikin Ya Bukar, dattijo mai ciwon ƙafa, ya ɗauko littafin da hoton yake ciki ya bi mu. Wani babban jami'i ya karɓe mu da mutunci, ya ajiye littafin kusa da kwalin ya duba, har ya yi murmushi. Ya ce shi ya gane, kuma ya yarda kuskure ne, sai dai maganar ta riga ta wuce hannunsa, kuma masu jira a gaban yayana suna da yawa. Mama ta daina zuwa biki da suna. Kaka ta rasu ana cikin haka, tana tambaya ko maigidanta ya dawo.

An sako shi bayan damina. Ranar mun ɗauka mun ci nasara. Ya shigo gida da ƙafarsa, amma rigarsa kamar an rataye ta a ƙusa, ga tari da ba ya barin sa ya kai ƙarshen magana. Asibiti sun yi iya ƙoƙarinsu. Bai taɓa ba mu labarin wurin da aka ajiye shi ba. Sau ɗaya na faɗi baƙar magana a kan yaron da ya tsayar da mu, sai ya ɗaga mini hannu.

"Modu, ka faɗi gaskiya," ya ce. "Ai ya yi kama."

Bai kai babbar Sallah ba.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Waya na aiki, ɗalibi na zaune a gindin dalbejiya zai buɗe hoton mazarin nan a tafin hannunsa, ya fi wanda ke littafin Ya Bukar kyau nesa ba kusa ba. Na san da zai kwana yana kallo. Shingayen cikin gari sun ragu, an yi sababbin gine-gine, amma har yanzu akwai garuruwan da ba a zuwa sai da rakiya, akwai kuma iyayen da ba su samu ko abin da muka samu ba, wato gawa da kabari. Ina jin da zai yi murna da na farkon, ya yi shiru a kan na biyun. Ni ma yanzu ina digiri na biyu a sashen nan nasa, amma ruwan rijiyoyin unguwa nake nazarta. Mama ce ta roƙa, ta ce in zaɓi abin da zan iya bayyanawa a bakin titi.

Me ya rage na Ya Bukar? Aikinsa bai kammala ba, bai yi aure ba, kwalin ma ba a dawo mana da shi ba. Na daɗe ina ganin babu abin da ya rage sai mu da ke tunawa, mu ma kuma raguwa muke yi.

Makon jiya, ranar wainar Mama, wani mutum ya yi sallama a ƙofar gida. Ya yi ƙiba, ya tara gemu, amma na gane shi, matashin nan ne na shingen Wulari. Sunansa Kyari, yanzu tela ne a Shehuri. Ya ce ya daɗe da sanin gidan, ƙafarsa ce ba ta iya kawo shi. Na shimfiɗa masa tabarma a zaure. Ya yi addu'a mai tsawo, sannan ya yi ta murza hularsa, can ya tambaye ni ko da gaske akwai abin da aka zana a kwalin.

Na buɗe masa hoton a waya. Ya karɓa da hannu biyu, ya daɗe yana dubawa, ya tambaya ko yana kashe mutane. Na ce a'a, ko 'yar halittar da yake zaune a jikinta ba ya fasa ta, fitowa yake a hankali ya bar ta da ranta. Ya miƙo mini wayar, ya ce yana so ya gaida Mama in za ta yarda.

Na shiga na gaya mata ko wane ne. Ta ci gaba da juya waina a kasko. Ba ta fito ba. Ta zuba waina a kwano, ta ce in kai masa.

Allah Ya yalwata kabarin Ya Bukar, Ya sanyaya zuciyar Mama, da ta Kyari.