Laburare da Lebura

Har yau in warin kananzir ya haɗu da na tsohuwar takarda a hancina, sai in ga Baba yana shigowa gida da la'asar sakaliya. Warin rigarsa ke nan kullum. A gwangwanaye yake zuba kananzirin, ya tsoma ƙafafun kantocin littattafai a ciki don kada gara ta hau. Inna ta sha wanke rigar nan har hannunta ya gaji, warin bai taɓa fita ba.

A Tudun Wada muke, gidan kakanmu, a shekarun da Turawa suka fara shirin tattara nasu ya nasu. Kakanmu malamin zaure ne. Littattafansa rubutun hannu ne, suna cikin gafaka, wasu tun na kakansa. Duk wanda zai shigo zauren nan sai ya tuɓe takalmi ya durƙusa ya ce, "Allah gafarta Malam." 'Ya'yansa maza biyu ne. Baffa, babban, shi ya zauna gabansa yana ɗaukar karatu littafi bayan littafi. Baba, autan, bayan ya sauke aka kai shi boko.

Da Baba ya gama, sai aka ba shi aiki a wata makarantar maza ta wajen Tudun Jukun, ya riƙa kula da ɗakin littattafai, wanda 'yan boko ke kira laburare. Goggo, yayarsu, ita ta fara jin labarin, kuma kunnenta ya daɗe da yin nauyi. Ta shiga cikin gida tana salati, wai bayan duk wannan karatu an ba Auta aikin lebura. Ka san unguwa, magana ba ta kwana. Kafin magariba har masu nama a bakin kasuwa sun ji cewa ɗan Malam ya zama lebura.

Baba ya yi bayani har bakinsa ya bushe. Mutane su saurara, su gyaɗa kai, in ya ba da baya su ce laburare da lebura ai duk kanwar ja ce. Ni kuwa na zama ɗan lebura a wurin wasa. Na yi dambe a kan sunan nan ya fi a ƙirga, kuma yawanci ni ake kayarwa.

Da a ce a makarantar an ɗauke shi da daraja, da abin ya zo da sauƙi. To, can ma ba ta canza zane ba. Ba shi da kujera a ɗakin malamai. In za a yi taro, shi da masinja ake sa wa jidar benci. Shi ya sa ba ya fita sai da babbar riga wadda ta sha bugu, da hula a karye, don duk wanda ya gan shi a hanya ya san ba kaya zai je ɗauka ba. Abu ɗaya yake nema a duniya, kuma duk gidan mun sani: kakanmu ya kira shi Malam, ko sau ɗaya, kamar yadda yake kiran Baffa.

Ya daɗe yana roƙon tsohon ya zo ya gani da idonsa. Sai a tsakiyar wata damina ya yarda, ya ce gobe da hantsi. Baba ya fita da sassafe cikin rigarsa ta salla, fuskarsa kamar gonar auduga. Ni aka ce in raka kakanmu, don idonsa ya fara rauni.

Ashe ruwan da aka kwana ana yi ya sami kafa a rufin ɗakin. Da muka iso, sai muka tarar da littattafai shanye a kan tabarmi a filin makaranta, an buɗe su suna shan rana. Rigar salla tana rataye a reshen dalbejiya. Ga Baba yana fitowa daga ɗakin, daga shi sai singileti, ya naɗe wando zuwa gwiwa, ƙafafunsa duk taɓo, da akwatin littattafai a kai. Muna tsaye sai wani matashin malami, wanda Baba ya girme shi nesa ba kusa ba, ya leƙo ta taga ya ce, "Kai mai laburare, in ka gama a kawo mana benci."

Baba ya sauke akwatin a hankali, ya durƙusa cikin taɓon ya ce, "Allah gafarta Malam."

Kakanmu ya sunkuya ya ɗauki wani littafi mai bangon kore, ya juya shi. Ya ce, "A gaban wa ka karanta wannan?"

"Ba a gaban kowa ba, Malam. Aikina in san abin da ke cikin kowanne, in haɗa shi da yaron da ke bukatarsa."

"Wa kake biya wa karatu a nan?"

A wurin kakanmu, littafi daga bakin malami ake ɗaukarsa, kuma mai littafi shi ne mai karantar da shi. Mutumin da zai miƙa wa yaro littafi ya ce je ka karanta da kanka, wannan ba shi da suna a zaurenmu. Tsohon ya mayar da littafin kan tabarma, ya dubi ƙafafun ɗansa, ya yi masa gaisuwar da ake yi wa mai haƙa rijiya ko mai kwaɓa ƙasa.

"Sannu da aiki."

Ya juya, na bi shi. Da na waiwaya, Baba na nan durƙushe bai tashi ba. Ranar na ji haushin kakanmu, na ji haushin ruwan sama, na ji haushin Goggo da kunnenta, kuma ba wanda zan iya gaya wa.

Ba a sake tayar da maganar ba. Da ciwon ajali ya kama tsohon, ya sa aka kawo gafakokin ya damƙa wa Baffa duka. Ko ɗaya bai ba mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana kare littattafan wasu daga gara da ruwa ba. Baba ya taɓa roƙon Baffa ya bari ya riƙa shanya su bayan damina, Baffa ya ce ai waɗannan ba na aro ba ne. Ban san inda suke ba yau. Baba ya ci gaba da fita da babbar rigarsa har ya yi ritaya, amma tun daga ranar nan ba ya kula ko ta sha bugu ko ba ta sha ba.

Yanzu ga jikata ta yi digiri a kan wannan aiki, an ɗauke ta a wata makaranta a Hanwa. Na ɗauka zamani ya gyara abin. Kwanakin baya na kai mata ziyara, na tarar an jibge karyayyun kujeru da tsintsiyoyi a laburaren, kuma ita ake sa wa kaɗa ƙararrawa, wai tunda ba ta da aji. Tana kan tebur, ta ɗaure hanci da gefen mayafi, tana kakkaɓe kanta. Bakina ya buɗe da kansa, har "sannu da" ta fito, sai na haɗiye sauran. Na tuɓe takalmina a bakin ƙofa, na rusuna iyakar abin da gwiwa ta yarda, na ce, "Allah gafarta Malama."

Ta fashe da dariya, ta ce, "Kai tsohon nan, yau kuma da wace tsokanar ka zo?" Ta ɗauka wasan jika da kaka ne. Na bar ta a haka, na juya ina duban littattafai har idona ya bushe.