Wurin Tsayuwar Cedric

Cedric Jangala bakanike ne a wani ƙauye yamma da Alice Springs, shi ke ta da matattun motocin garin da guntun waya da tsumma. Ranar Asabar kuwa sai ya rataya gita ya tsaya a bayan mawaƙin ƙungiyarsu ta kiɗa, abokinsa na ƙuruciya. Tun suna samari haka ake yi: wancan a gaba mata na ta ihu, Cedric a baya kusa da mai ganga. Shi ma yana da waƙoƙinsa, amma duk wadda ya kawo sai abokin ya dafa shi ya ce, "Bari sai wani karon, ɗan'uwa."

Sai mota ta kife da mawaƙin a hanyar birni. Daga ranar sunansa ya fita daga bakin kowa, kamar yadda ake yi wa kowane mamaci, sai dai a ce Kumanjayi.

Da makoki ya lafa aka shirya wasan tunawa da shi a filin ƙwallo. Bronwyn, Baturiyar da ke nemo musu wasanni, ta ce a cika wasan da waƙoƙinsa. Cedric ya taso mata kamar zai cinye ta.

"Ke me kika sani a dokarmu ta gargajiya? Ba a taɓa waƙar mamaci. Waƙoƙina za mu yi."

Alwyn mai ganga ya kwashe da dariya. "Kai da ake nemanka wurin dattawa kana ƙarƙashin mota? Yau kuma kai ne mai gadin doka!"

Aka kai maganar gaban uwar mamacin, tsohuwa Nakamarra, tana zaune a gindin bishiya, farar ƙasar makoki ba ta gama fita daga goshinta ba.

"Inna, ki gaya musu," in ji Cedric.

"Na binne ɗana, ba zan binne waƙoƙinsa ba. Na yarda a yi su." Ta yafito shi da hannu, ta rage murya. "Kai kuma na dube ka ranar jana'iza. Ka yi kuka, ban ce ba ka yi ba. Amma ka yi saurin share ido, Jangala."

Abin da ya ƙone Cedric, ba ƙarya ta yi masa ba.

Da yammacin wasan aka kafa makirufo a gaba, ba wanda ya tsaya a wurin mawaƙin. Jama'a suka karɓe waƙoƙin da kansu, tsofaffin mata na kuka, samari na buga ƙafa a ƙasa. Cedric na baya, inda ya saba, yana kallon fankon wurin. Bai yi kuskure ko ɗaya ba.

Har yau yana ƙungiyar. Sun ɗauko sabon mawaƙi, ƙanen Kumanjayi, muryarsu iri ɗaya. Cedric bai sake kawo waƙa ba.