Ƙwaryar Ruwan Da Na Miƙa Wa Matata

A wancan lokaci ni masaƙi ne a Birnin Kudu, ga ƙarfi ga jin kai. Fatake kan tsaya a ƙofata saboda saƙata, amma gaskiyar magana zaren matata ne ke jawo su, don duk unguwarmu babu mai kaɗi siriri irin nata. 'Yar Gwaram ce, mai yawan dariya. Sai da furfura ta fito mini na durƙusa gaban malam na koyi rubutu, kuma labarinta ne abu na farko da na ga ya wajaba in sa a takarda.

Ba ta kai shekara talatin da biyar ba hannunta na dama ya soma rawa. In tana zaune ya yi ta karkarwa a kan cinyarta, in ta kai shi ga mazari sai ya lafa. Daga baya fuskarta ta daskare, muryarta ta yi ƙasa, tafiyarta ta koma jan ƙafa. Ta sha rubutu, wanzami ya yi mata ƙaho, babu sauƙi. Da farko na yi abin kirki, ina ɗebo ruwa, ina taya ta daka. Abokan saƙata suka sa ni gaba, wai saura in ɗaura zane in yi lalle. Yayata kuwa ta ce ciwon ƙarya ne, wai ina aka taɓa ganin makyarkyata ga macen da ko jika ba ta yi ba, kuma ciwon da ke tafiya duk lokacin da ta ga dama.

Ranar sunan ɗan ƙanena matata ta zauna cikin mata, ba guɗa ba murmushi. Yayata ta ce raini ne ga danginmu. Ta sa aka kira ni cikin gida, ta cika ƙwarya da ruwa taf, ta ce in miƙa wa matata, in har bai zube ba to asirinta ya tonu. Ni da na zauna da matar nan shekara goma sha biyar, na karɓa na miƙa mata! Ta riƙe. Ko ɗigo bai faɗi ba. Mata suka ɗauki shewa. Washegari na sa aka kai ta gidansu, wai ta je ta koyo ladabi.

Bayan kaka na kai saƙa kasuwar Gwaram, na biya in ji ko ta yi hankali. Na tarar da surukata, tsohuwa tukuf, tana kokawar ɗaga ta daga tabarma, su biyun na neman kifewa. Matata ce ta yi magana, sai da na kai kunne kusa da bakinta. Ta ce ranar nan ta tattara duk ƙarfinta ta riƙe ƙwaryar don kada ta ba ni kunya, ta zaci so nake dangina su ga matata tana da sauran amfani.

A kan jakina na dawo da ita. Shekara tara ina yi mata wanka, ina ba ta kunu a baki, saƙata ta mutu, bayana ya ƙage, wani lokaci in tsawata mata sannan in koma bayan rumbu in yi kuka. Cikin masu shewar nan babu wadda ta taɓa kawo mana ko tulun ruwa. Sai ranar da ta rasu suka cika gidan suna yabon haƙurinta. Har yau in na tuna zuciyata na tafasa, amma hannun da ya miƙa ƙwaryar nawa ne.

Wanda duk iyalinsa ta kamu da wannan cuta, ya sani tana kama mai ƙuruciya, kuma daskarewar fuska ba raini ba ne. Ku maƙwabta, in ba za ku taya mai jinya daka ba, ku rufe masa baki. Kai kuma miji, in an cika ƙwarya an ba ka, ka zubar da ruwan a ƙasa.