Alƙiblar Yaya Sadisu a Kan Ruwa

Jama'a, jiya bayan La'asar na halarci zaman bincike mai ɗimbin tarihi a zauren Kawu Malam, nan Ƙofar Gayan. Wanda ake tuhuma yayana ne Sadisu, mutumin da ko kududdufi bai taɓa shiga ba. Ya dawo daga Legas yana iƙirarin ya yi wata uku yana aiki a jirgin ruwa marar inji, wanda iska ke turawa da ƙaton ƙyalle, suna bin gaɓar teku har Kwatano.

Kawu ya yanke cewa in ƙarya ce, babu komawa jirgin, shagon ɗinki zai zauna. Ni kuwa, shugaban masu shakka, tuni na goge masa keken ɗinki.

Kawu ya gyara zama. "Sadisu, ina kake fuskanta in za ka yi salla?"

Na ƙosa ya ce gabas, mu cafke shi.

"Wallahi Kawu, ranar farko gabas na kalla na yi kabbara. Iska ta juya, matuƙi ya karkata jirgi, na sallame ina kallon yamma. Sau uku ina sakewa, har hawaye na yi."

Sai Kawu ya ce, "Mai zama a tudu bai san wannan damuwar ba. Ka koma jirginka. Amma matso in koya maka hukuncin salla a jirgi tukuna."

Cikin alhini na mayar wa keken marufinsa. Sai dai har yanzu ban ga hoto ko ɗaya ba. Ku da kuka taɓa hawa teku, haka jirgi ke juya mutum, ko Yaya ya fi mu shiri ne?