Yadda Maganin Inna Ya Yi Ƙaura Zuwa Bunguɗu

Ana idar da sallar asuba Mama ta tashe ni, wai za mu Tsafe mu ɗauko Inna, kakata, a kawo ta Gusau awon jini. Mun isa tasha da wuri, amma sai da rana ta fito muka tashi, don yanzu ba direban da ke son zama na farko a hanya. Kuɗin mota ya ƙara tashi, wurin zama kuma ya ƙara raguwa. An matse ni tsakanin Mama da buhun albasa, har na isa Tsafe ina ƙamshin miya.

Hanya dai lafiya, sai shingayen jami'an tsaro da ramukan da suka san juna. Mun wuce dutsen Kwatarkwashi yana tsaye abinsa, masu rake da dafaffiyar gyaɗa suna bin mota da gudu. Na ci awara mai yajin da ya sa na ga garinmu daga nesa.

Bara bakin Inna ya ɗan karkace, hannunta na hagu ya yi nauyi. Allah ya taƙaita, ta miƙe. Likita ya ce kitse ne ya yi yawa a jininta, ya ba ta wata 'yar ƙwaya da za ta riƙa sha kullum, ya kuma gargaɗe mu cewa in ta daina, ciwon zai iya dawowa da ƙarfinsa. To, Innarmu siririya ce, in iska ta taso sai mun riƙe ta.

Mun same ta tana tsince wake. Bayan gaisuwa Mama ta ce a kawo maganin ta gani. Inna ta soma ba mu labarin akuyar maƙwabta. Mama ta sake tambaya. Ni kuwa na shige ɗaki na buɗe kwanonin jere ɗaya bayan ɗaya: goro, alawa, man zafi, babu ƙwaya.

"Inna, ina maganin?"

"Na aika wa Auta," in ji ta, ko a jikinta. "Ke dube ni. Ina kitsen shike? Shi ko tumbinai na riga shi shiga masallaci."

Auta ƙanenta ne, mahauci a Bunguɗu, mu muna ce masa Kawu. Tun bayan ƙaramar salla duk maganin da Mama ta aiko, Inna sai ta ƙulle shi a leda tare da daddawa da kuka ta ba direba. Na fashe da dariya, amma da na ga idon Mama ya cika da hawaye sai na haɗiye sauran. Inna ta sunkuyar da kai ta ce su bakwai aka haifa, saura su biyu, kuma ba ta son ta zama ita ce za ta karɓi gaisuwar rasuwarsa.

Muka ɗauko ta muka juyo Gusau. A asibiti wata ma'aikaciyar jinya, Kirista 'yar kudu da Hausarta ta fi tawa, ta zauna da ita. Ta ce mata wannan kitsen ba na tumbi ba ne, hanta ce ke haɗa shi da kanta, ko mutum siriri ne ko mai ƙiba, ƙwayar kuma hantar take hanawa ta haɗa da yawa don kada ya toshe hanyar jini. Sakamakon awo ya fito, kitsen ya koma sama. Inna ta ji komai, ta gyara lulluɓi, ta ce ba za ta haɗiyi ko ɗaya ba sai an auna Auta.

Haka muka kwana, washegari muka kama hanyar Bunguɗu. Tafiyar ba nisa, gonakin dawa hagu da dama, ga masu tallan rake nan ma kamar sun biyo mu. Mun tarar da Kawu a bakin tukubarsa yana juya balangu, hayaƙi ya rufe rabinsa, rabin da ya rage ma ya ishi mutum biyu.

"Yaya, lahiya kuka taho ba sanarwa?"

"Kana shan abin da nike aiko maka?"

Kawu ya sosa ƙeya. Ashe daddawa da kukar kawai ake amfani da su. Ƙwayoyin suna nan cikin wata tsohuwar hula, ko ɗaya bai taɓa ba, don shi tsoron magani yake ji, kuma kyautar Yaya ba a mayarwa, ba a zubarwa. Wato maganin ya yi ta yawon jiha, ba wanda ya sha. Inna ta ɗaga carbi za ta maka masa, ƙaton mutum ya ɓuya bayana.

Mun dawo Gusau da shi a gidan gaba, shi kaɗai ya biya kujera biyu. Da aka zo ɗibar jini ya rufe ido yana salati kamar za a yanka shi, mutumin da ke kayar da bijimi. Shi ma kitsen jininsa ya hau, aka rubuta masa nasa maganin daban, aka ce ya rage kitse da tantaƙwashi. A nan gaban ma'aikaciyar Inna ta karɓi ruwa ta haɗiye tata.

Abin da na koyo a tafiyar nan: magani ba goro ba ne da za a raba wa dangi, kuma rama ba shaidar lafiya ba ce. Inna ta koma Tsafe, Kawu ya koma tukubarsa. Yanzu kullum da yamma sai wayarta ta yi ƙara.

"Yaya, kin sha?"

"Kai hwa?"

Ba mai ajiye waya sai ya ji ɗan'uwansa ya haɗiye.